Yashi a Kwatar Lambara

Yashi Mufida ta fara gani, ɗan siriri, kwance a kwatar da ke kai ruwa gonakin albasa. Rijiyar burtsatse ba ta ba da yashi sai ruwanta ya kusa ƙarewa.

Ita ce injiniyar da ta tsara ban-ruwan nan na Lambara. Wata biyu ta yi tana awon rijiya da tanki da farantan sola kafin a sayi ko ƙusa, ta kuma dage sai an sa na'urar da ke kashe famfo idan ruwa ya ja baya. Yau Injiniya Muhammad Sani ya zo daga Sakkwato ya duba ko wata biyun sun yi amfani.

"Me za ki nuna mini?" ya ce. "Abin da bai lalace ba, ta yaya zan auna shi?"

Ta waiga wajen famfon. Azahar ta gota, lokacin da famfon kan tsaya, amma bututu na ta tari, ruwa na fita da iska. In famfon ya ci gaba da juyawa ba ruwa har ya ƙone, albasar gida arba'in za ta bushe kafin a samo wani.

Ta ruga ta kashe shi a gaban dattawan manoma.

"Ɗiyag ga, lahiya?" in ji Malam Ummaru, shugaban manoma.

Ta buɗe akwatin wuta. An tsallake na'urar da guntuwar waya, an naɗe da leda.

"Ai gyara ne," Malam Ummaru ya ce yana dariya. "Kullum rana tsaka shi toge kamar jaki. Shekaranjiya Mode mai gadi ya yi mai magani."

Muhammad Sani ya duƙa ya dubi ɗan allon na'urar. "Sau nawa ta kashe shi kafin wannan maganin?"

"Sittin da ɗaya."

Ya rubuta. "Yanzu fa, ya ƙone?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Sai ruwa ya dawo."

Ta cire wayar. Aka zauna ƙarƙashin darbejiya, ba mai dariya kuma. Sai bayan La'asar ta danna maɓalli, ta runtse ido.

Shiru. Can bututu ya yi tari, ruwa ya ɓarke, garai.

Mode, da ke tsaye bayan tanki tun ɗazu, ya ajiye makullan akwatin a kan dakali, ya bi ta tsakanin kunyoyin albasa ya tafi.