Alama Mai Doguwar Wutsiya

Shekara goma sha huɗu ina koyar da 'yan aji ɗaya kafin a ce kowane malami sai ya ci jarrabawar lasisi. Na je na rubuta, na fito ina murmushi. Da sakamako ya zo, a takardar zaɓen amsa mai tambaya ɗari, sifili na ci. Sifili fa! Ai ko da ido a rufe na yi ta, na dace da goma.

Na saɓi jakata na nufi ofishin jarrabawa da faɗa cike da bakina. Akawun wurin ya zaro takardata, ya duba, ya danne dariya.

"Malama, amsoshinki kusan duk daidai ne. To amma na'ura ce ke dubawa, ita kuma sai an cike da'irar baƙi ƙirin take gani."

Na leƙa. A kan kowace amsa na ja 'yar alamar nan ta daidai, tsaf, irin wadda nake yi wa yara a littafi. Ga umarnin an rubuta a saman takardar da manyan baƙaƙe. Ni da na ishi yara da "ku karanta umarni tukuna", ban karanta ba. Sabo turken wawa.

Dama ɗaya ta rage min, bayan wata huɗu. In na sake faɗuwa, ni da alli sai dai kallo daga nesa. Kafin nan hedimasta ya cire ni daga aji.

"Ki yi haƙuri, Malama, doka ce. Ba shiga aji, ba duba littafin yaro."

Ya ba ni ɗakin ajiyar littattafai in kula da shi, aka kawo sabuwar malama.

Bango ɗaya ne tsakanin ɗakin nan da ajina. Da can ƙarshen makaranta aka kai ni, da ya fi min sauƙi. Ina jin jan benci, ina gane mai tari, har na san fensirin wa ya faɗi. Sabuwar malamar ba ta da laifi sai sauri, takan wuce harafi kafin 'yan baya su kama. Sai in tsinci bakina yana cewa "a maimaita", ni kaɗai a tsakiyar kwalaye. Wallahi ina kewarsu, irin kewar da ban san ana yi wa 'ya'yan wasu ba.

Karatun bai dame ni ba, hannun ne. Yayata ta bugo min takardun gwaji tuli guda, kullum da yamma ta tsaya a kaina da agogo.

"Cikewa aka ce, ba ja ba! Ke da kike koya wa yara shafa kala a cikin layi?"

Da na ɗan shagala, hannun sai ya zille ya yi abin da ya saba. Ƙarshe Yaya ta zazzage jakata ta ɗauke jan birona, wai sai na ci zan sake ganinsa.

Ana jibi jarrabawa, an kaɗa ƙararrawar fita hutu, sai ga littafi an turo ta taga. Mai Giɓi ce, yarinyar da na shafe zango guda ina riƙe hannunta kafin ta iya kama fensir.

"Malama, ki duba min."

"Kai wa malamarku, 'yata. Ni an hana ni."

"Akwai wanda nake ba ta. Wannan naki ne."

Na buɗe. Ashe duk aikin da aka ba su sai ta sake kwafe shi a tsohon littafinta. Aikin wata huɗu, shafi bayan shafi, babu ko ɗigon jan biro. Haruffan farko a karkace kamar za su faɗi, na baya-bayan nan kuwa sun miƙe tsaye, kuma ba a gabana suka miƙe ba.

"Me ya sa kika wahalar da kanki haka?"

"Alamarta 'yar ƙarama ce. Taki nake so, mai doguwar wutsiya."

Hannuna ya faɗa jaka da kansa yana lalube. Babu biro. Na rufe littafin a hankali, na miƙa mata.

"Saura shafi nawa bai cika ba?"

Ta ƙirga da yatsa. "Uku."

"To ki matse rubutunki, kin ji? Kada ya cika kafin in dawo."

Ta gyaɗa kai ta ruga. Na jawo takardar gwaji, na cike da'irar farko har sai da bakin fensirin ya karye.