Kashi na Huɗu

A ɗakin wankin ƙoda ba a tambayar ko littafi yana da daɗi sai an fara jin nauyinsa. Hannu ɗaya na mutum yana miƙe a kan matashi da allurai a ciki, jini na fita ta wannan roba yana dawowa ta waccan, don haka duk littafin da hannu ɗaya ba zai riƙe ba, babban yatsa ya juya shafi, komai daɗinsa ba nasu ba ne. Ni da nake kai Baba can na daɗe ina yi wa abin kallon shirmen tsofaffi, sai da na ga shirmen ne kawai yake ta da shi daga gado.

Baba tsohon direba ne na dogon zango, mutumin da a da ba ya iya zama wuri ɗaya ko da shayi zai sha. Ciwo ya mai da shi mai zama a kujera rabin yini ana wanke masa jini, ruwan sha ma sai da awo. Wata safiya ina sa masa safa ya ce mini wankin ranar shi ne na ƙarshe, ya gaji. Bai ɗaga murya ba, shi ya sa na tsorata. Likita ya riga ya gaya mana ba tare da ɓoye-ɓoye ba cewa wanda ya daina zuwa ba ya daɗewa. Na yi faɗa, na yi kuka, na kira Yaya a waya ya yi nasa wa'azin daga garin da yake, Baba yana kallon bango.

A ranar ne aka sauya masa kujera, aka kai shi kusa da Akawu.

Akawu tsohon ma'aikacin kotu ne, siriri, mai yawan magana, shi kaɗai yake zuwa da matashinsa a hammata da jakar leda cike da ƙananan littattafai. Shi ne mai raba wa ɗakin abin karatu, kuma yana yi ne kamar mai ba da magani. Sai ya tambaye ka yadda ka kwana da abin da ya ɓata maka rai, sannan ya zura hannu a jaka. Akwai Malama, tsohuwar shugabar makaranta, wadda ba ta karanta komai sai labarin soyayya, tana cewa wai bincike take yi a kan abin da ke lalata yaran zamani. Akwai Kofur, ɗan sanda mai ritaya, wanda yake karanta labarin kisan kai da bincike don kawai ya zagi 'yan sandan ciki a kan rashin iya aiki. Kullum cikin musu suke. Malama ta ce littattafan Kofur ba su da zuciya, Kofur ya ce nata ba su da kai. Sau ɗaya Akawu ya lallaɓa ya ba Kofur na soyayya, muka ga bawan Allah yana share ido, da aka yi masa magana ya ce sanyin ɗakin ne.

Suna da doka, kuma Akawu ne ya kafa ta. Wanda aka ba littafi shi zai dawo da shi da hannunsa, a cikin ɗakin, ba a aiko ɗa ko mata, ba a bar wa nas saƙo. In littafin kashi-kashi ne, ba a ba ka na gaba sai ka miƙo na baya.

Baba ya ce shi ba ya karatu. Akawu ya ce ai bai tambaye shi ba, ya ɗora masa littafi a cinya ya juya kai. Kashi na ɗaya ne na wani tsohon labari da bangonsa ya sha salatef, a kan wani mutum da ya shiga jirgin ruwan dakon kaya yana neman ƙanensa da ya ɓata. A hanyarmu ta komawa gida Baba ya ce in tuƙa a hankali, haruffan suna rawa. Da ranar wanki ta sake zagayowa, na shiga ɗakinsa da shirin rigima, na tarar da shi ya sa hula yana jira na. Wai zai mayar wa mutane kayansu ne kawai.

Haka kashi na biyu ya shigo gidanmu, haka na uku. Ban ce rayuwata ta yi sauƙi ba. Shagon ɗinkina rabin mako a rufe yake, masu kaya suna tsine mini a waya, bayana ya ƙage saboda tallafar Baba a matakala, maigidana kuwa ya koyi yin shiru irin wanda ya fi faɗa ciwo. Amma Baba yana zuwa. Ni abin da na sani ke nan, kuma ya ishe ni.

Na uku ya ƙare ne daidai inda mutumin ya isa wani gida a wani tsibiri, ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya ji takun ƙafa daga ciki. Baba ya miƙa littafin ya buɗe tafin hannu, Akawu ya dafe goshi ya ce ya manta na huɗun a gida. Wani zuwan ya ce maƙwabcinsa ya ara. Daga baya ya ce yana cikin akwati a ƙarƙashin gado, kuma bayansa ba ya barinsa ya sunkuya. Baba ya kira shi tsohon maƙaryacin kotu, Akawu ya rantse da cewa zuwa na gaba ba fashi, a halin yanzu ga wani na tarihi ya rage zafi, ko na dariya, ko na tafiye-tafiye. Baba ya karɓa yana gunaguni. Aka shafe watanni a haka. Raina yana ɓaci da tsohon nan, na ce a zuciyata mutum ya riƙe abu yana ja wa marar lafiya rai, amma ban taɓa ce masa komai ba, don duk ranar wanki Baba yakan ce mu je mu ga ƙaryar da zai yi yau.

Wata rana muka shiga muka tarar da wani baƙo a kujerar Akawu. Sista, babbar nas ɗin ɗakin, ta ja ni baranda ta ce ya rasu a gida, maƙwabta ne suka lura bai buɗe ƙofa ba. Wani ɗan ɗan'uwansa ya zo ya kwashe kayan ɗakin, babu wanda ya san inda ya nufa. Da na koma ciki na ga ba sai na faɗa ba. Malama ta kife littafinta a ƙirji, Kofur yana kallon silin. Baba ya yi masa addu'a a hankali.

Ranar wanki ta gaba ya ƙi tashi. Na yi duk abin da na iya, ya ce in ƙyale shi. Kafin a jima ƙafafunsa suka fara cika, takalmi ya daina shiga, in ya kwanta sai an tara masa matasai kafin numfashi ya daidaita. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, sai na ɗora shi duka a kan abu ɗaya. Na ce in dai na samo kashi na huɗu na riƙe shi a hannuna, zan kafa masa dokar Akawu, ba zai karanta ba sai a kan kujerar nan.

Wata mai kawo mini ɗinki ta sa ni a wani zauren masu karatu na waya. Na rubuta bayanin littafin, na ce na huɗun nake nema ido rufe, don mahaifina ne marar lafiya. Mutanen kirki ne, Allah ya sani, amma ban taɓa ganin masu amsa tambayar da ba a yi musu ba kamarsu. Wata ta ce in dai labarin teku yake so, akwai wani sabo da ya fi wannan. Wani ya ce marar lafiya ba labari yake buƙata ba, littafin haƙuri da tawakkali ya kamata, ya jero mini har da inda ake sayarwa. Aka ce in gwada masa waƙoƙi, aka ce tarihin manyan mutane, wani yaro ya dage a kan labarin mutanen da suka koma zama a duniyar wata. Wata baiwar Allah ta turo littafin abincin masu ciwon ƙoda. Daga nan suka manta da ni, suka kama musu a kan ko labarin soyayya karatu ne. Na zauna a gaban keken ɗinki ina karantawa, ina jin kamar in jefa wayar a kwata. Can ƙasa wani ya rubuta cewa in je wurin mai tsofaffin littattafai na bayan tashar mota, in babu a wurinsa to babu.

Shagon wani lungu ne mai warin takarda da ƙura, littattafai tun daga ƙasa har rufi, mai shagon yana zaune a kan wasu. Ban gama bayani ba ya fara murmushi. Ya ce na ɗaya zuwa na uku yana da su, na huɗu kuwa ba a taɓa yin sa ba. Marubucin bai ƙarasa ba, wasu sun ce rasuwa ya yi, wasu sun ce fushi ya yi da masu ɗab'i. Na ce ya dai duba, na san wanda yake da shi a akwati.

“'Yata, duk wanda ya yi karatu a zamaninmu ya san maganar nan,” in ji shi. “Mutumin nan har yau yana tsaye a bakin ƙofar.”

Na fito na tsaya a gefen titi, masu mota suna yi mini hon. Ashe Akawu ya sani. Duk mantuwar nan da maƙwabci da akwati, igiya ce ya ɗaura wa Baba yana jan sa zuwa wanki. Kunyar tsohon ta kama ni, na kuma ji haushinsa da ya mutu ya bar ni da ƙaryar da ban iya ba. Har na yi tunanin in zauna in rubuta ƙarshen da kaina in kai a buga, ni da ko wasiƙa ba na son rubutawa.

Washegari ranar wanki ce. Na shiga ɗakin Baba da hularsa a hannu, na gyara fuska. Yana zaune a bakin gado ya jingina da bango, fuskarsa ta kumbura har idanun sun ƙanƙance. Na ce masa albishir, na samo mai na huɗun, ya yi alkawarin zai kawo mana can asibiti, in ba yau ba to zuwa na gaba.

Baba ya dube ni, ya yi 'yar dariya wadda ta ƙare da tari.

“Auta, ke ba ki iya ba. Shi da yake yi, har da dafe goshi.”

Na ce ban gane ba, alhali na gane.

Ya ce tun kafin a haife ni, mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, ta karanta masa littafin nan duka ukun, in ya dawo daga tafiya. Ta nemi na huɗu har ta gaji, ta yi kwanaki tana fushi da marubucin kamar wanda ya ci mata amana. Don haka tun ranar da Akawu ya ɗora masa shi a cinya ya gane bangon, ya kuma san inda za a tsaya. Na tambaye shi to me ya sa ya yi ta zuwa yana zagin mutum a kan abin da ya san babu.

“Ba ki ga shi kaɗai yake zuwa ba? Ba mai kawo shi, ba mai jiran sa a baranda. Yana ganin shi yake riƙe da ni. In na ce masa na sani, me zai sa ya tashi da safe?”

Ya tsaya ya nemi numfashi, sannan ya ce yanzu kuwa an sallame su su biyun.

Na durƙusa a gabansa, hular tana hannuna. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma kishi ne, ba zan ɓoye ba. Watanni ina ɗaukar mutumin nan a kafaɗa, ashe saboda wani baƙo yake sa hula.

“Ni fa, Baba?”

Ya ɗora hannunsa mai nauyi a kaina, ya daɗe bai ɗauke ba.

“Ke kam so nake ki huta.”

Na ce wa ya gaya masa hutu nake nema. Na ce bayana nawa ne, shagon nawa ne, in na ga dama in ƙone shi. Ban san sauran abin da na faɗa ba. Shi kuwa ya rufe ido yana saurare, kamar yadda yake yi in ina ƙarama ina kawo masa ƙara.

Ana cikin haka wayata ta yi ƙara. Sista ce. Ta ce an gama shirya injin Baba, kuma akwai wani a layi da yake jira, in yau ma ba za mu zo ba ta ba shi kujerar. Baba ya ji, don ɗakin shiru ne. Ya buɗe ido ya girgiza mini kai a hankali.

Na kalle shi, na ce mata, “Kar ki ba kowa. Muna hanya.”