Ranar da Rassan Hanya Suka Ɓace

Tun da suka haye tudun da ke bayan wani tafki, Gunvor ta daina ganin rassan da ake kafawa don nuna hanya. Ko dusar ƙanƙara ce ta binne su, ko su ne suka kauce, ba ta sani ba. Sama fari fat, ƙasa fari fat. Su huɗu ne: ita, da ƙaninta Halvard, da matarsa Torunn, da kawunsu Eilert, wanda ya nace sai ya hau dutsen nan kafin gwiwoyinsa su juya masa baya.

Duk takun da aka yi sai ƙafa ta nutse har cinya. Karɓa-karɓa suke yi wajen fasa hanya, in na gaba ya galabaita ya koma baya. Wayoyinsu kuwa sanyi ya kashe su tun da hantsi.

"Yaya, mu yi dama," in ji Halvard. "Na rantse bukkar da masu hawan dutse ke fakewa tana can."

"Rantsuwarka ce ta kawo mu nan," Torunn ta ce masa, haƙoranta na kaɗawa.

 Gunvor ta ɗaura jar safar hannu a bakin igiya, tana jefawa gaba. Inda ta faɗi, nan take gane ko hawa ne ko gangara, sannan ta taka. Haka suka yi ta jan jiki, iska na marin su, har ta yi wata jifa da ba ta ga saukarta ba. Igiyar ta zare daga hannunta ta miƙe ƙasa.

"Kada wanda ya motsa!" ta daka musu tsawa.

A leɓen dutse suke, kan ƙanƙarar da iska ta tara, ƙarƙashinta babu komai. Da baya-baya suka koma, kowa na sa ƙafa cikin sawunsa. Suna samun wurin tsayawa Kawu Eilert ya zauna daɓas.

"Ku je, 'ya'yan nan. Ku turo mini mutane."

"Kawu, tashi," in ji Gunvor.

"Ni fa na daina jin sanyin ma. Barci kawai zan ɗan yi."

Gunvor ta san barci a irin wannan sanyin ba a tashi daga shi. Ta cakumi wuyan rigarsa tana jijjiga shi, tana kuka, hawayen na daskarewa a kumatunta.

"In koma in ce wa Mama me? Na bar mata ƙaninta a dutse? Wallahi ko a ƙasa ne sai na ja ka!"

Torunn ta ɗura masa ragowar shayin da ya riga ya huce. Ita da Halvard suka saƙala hannuwansa a kafaɗunsu. Gunvor ta wuce gaba ita kaɗai, babu mai karɓarta kuma. Ta faɗi ta tashi, ta sake faɗuwa, har ta koma rarrafe. A haka goshinta ya daki wani abu mai tauri. Ta tona da hannu, sai ga kan turke da waya a jikinsa. Shingen masu kiwon barewar ƙasashen ƙanƙara ne, kuma ta san yana gangarawa har bakin titi.

Turke bayan turke suka bi shi, wani sai an tona kafin a same shi. Rana na shirin faɗuwa mai motar share ƙanƙara daga titi ya gan su, ya tsaya. A asibiti aka yanke wa Kawu Eilert yatsun ƙafa biyu. Gunvor ta zauna a bakin gadonsa, Torunn na riƙe mata kofin shayi, don har lokacin yatsunta ba sa iya riƙe komai.