Kifin da Nazar Ya Mayar Dijla

Shekara ashirin da biyu Nazar bai taka garinsu Amara da ke bakin kogin Dijla ba, da ya tashi zuwa kuma kwana shida kacal ya ware wa 'yan'uwansa. Wansa Falih, wanda ya tashi a kan sana'ar kamun kifi kuma ya tsufa a kai, ya rasa gane kan ƙanin nan nasa. Mutum ya zauna cin abinci yana neman cokali, a miƙa masa shayi ya ce sukari ya yi yawa, a yi hira ya tsaya laluben kalma. Abin ya tsaya wa Falih a rai. Tsoronsa kada wannan zuwan ya zama na ƙarshe, Nazar ya koma ƙasar Holan inda yake zaune ya zama baƙo har abada.

Shi ya sa ya gayyaci mazan unguwa cin masguf, gasasshen kifinsu na gargajiya, bayan sallar Juma'a, ya kuma bugi ƙirji a gaban kowa cewa kifin kogi za a gasa, ba na kiwo ba. A ganinsa, da zarar kifin Dijla ya sauka a harshen Nazar, to zai tuna gida.

Da sassafe suka shiga kwale-kwale. Nazar ya zo da doguwar sandar fatsa a jaka, da wata 'yar katifar roba.

"Wannan fa? Barci ka zo yi?" in ji Falih.

"Ta kifi ce, Yaya."

"Ta kifi! To, Allah ya ƙara masa lafiya."

Ruwa ya ja baya sosai bana. Falih ya yi ta jefa taru har kafaɗarsa ta gaji, ba abin da yake fitowa sai 'yan mitsi-mitsi da ledoji. Rana ta fara zafi, sai sandar Nazar ta lanƙwashe. Kusan rabin awa ana ja ana saki, Falih na ta ihun "a hankali, a hankali mana!" Da suka ciccibo shi cikin jirgi, ashe kifin da suke kira gattan ne, ƙato, tsawonsa ya kai hannun mutum har kafaɗa. Rabon Falih da ganin irinsa an fi shekara goma. Ya yi kabbara, ya shiga laluben kulkinsa na kashe kifi.

Nazar kuwa ya kwantar da kifin a katifar, ya yayyafa masa ruwa, ya zare ƙugiyar kamar mai cire wa yaro ƙaya. Ya miƙa wa Falih waya ya ce ya ɗauke su hoto. Falih ya ɗauka yana dariya. Bai gama sauke wayar ba ya ga Nazar ya sunkuya bakin jirgi, ya buɗe hannuwansa. Kifi ya kaɗa wutsiya ya nutse.

"Innalillahi! Kai, me ka yi?"

Nazar ya dubi hannuwansa. "Wallahi sabo ne, Yaya. A can ba ma ci, mayarwa muke yi."

"A can! Mutum ashirin na jirana, an tara itace tun jiya. In ce musu me? Ƙanena ya yi wa kifi jinya ya sallame shi? Ku huda wa dabba baki don nishaɗi, mu da muke kamawa mu ci mu ne marasa imani ko?" Sai abin da ke cinsa tun ranar farko ya fito. "Kai dai ba namu ba ne kuma. Ka tashi daga namu."

Nazar ya karɓi wayar, ya latsa, ya nuna masa. Hotuna huɗu ne, shi ne a bakin wani tafki cikin rigar sanyi, rungume da ƙaton kifi mai tabo a gefe. A na farko gashinsa baƙi, a na ƙarshe furfura.

"Kifi ɗaya ne duka. Sau huɗu na kama shi cikin shekara tara. A can manyan kifaye suna ake sa musu. Ni wannan Falih nake kiransa."

"Wa?"

"Ga taurin kai, ga ƙaton baki." Nazar ya yi 'yar dariya. "Ba ni da wanda zan yi wa magana da harshenmu, Yaya. In na kira ka a waya faɗa muke yi. Sai in tafi tafkin in zauna. Da aka haifa min 'ya, shi na fara faɗa wa. Ranar da Inna ta rasu ban samu zuwa ba, can na wuni ina ba ka haƙuri. To ka gaya min, ta yaya zan iya cin irinsa?"

Falih ya juya masa baya, ya shiga warware tarun da ba abin da ya same shi. Tausayi da kunya suka rufe shi, hawaye na sauka a gemunsa, shi kuwa ya ƙi sharewa kada a gani.

"Ni ne mai ƙaton baki?" ya ce da ƙyar.

"Duk Amara an shaida."

Falih ya ja hanci. "To ji nan. Wancan da ka saki a kogina yake. In ya faɗo taruna zan mayar da shi, na yi alkawari. Amma ni ba ɗan aikenka ba ne, ba zan kai masa gaisuwa ba. Mai son ganinsa ya zo da ƙafarsa."

"Baɗi, in sanyi ya wuce. Har da yaran, in sha Allahu."

"Da bakinka ka faɗa." Falih ya tura masa gwangwanin tsutsa da ƙafa. "Jefa igiyarka, mutane na jira. Wanda zai fito yanzu kuma, kada ka kuskura ka raɗa masa suna."