Gefen Yankan

Likitan tiyata ya tsaya a ƙofar ɗakin jinya da sakamakon gwaji a hannu, ya kasa shiga. A ciki Baba Tela, tsohon maɗinkin da ya yi wa aiki, yana ba 'yan dubiya labarin likitarsa.

Ba shi ake nufi ba. Wata ce, likitar kansa, wato ciwon daji, wadda ta shafe watanni tana yi wa tsohon ƙarin ruwan magani da gashin na'ura, har ƙullutun da ke fankiriyas ɗinsa, can bayan tumbi, ya motse ya ciru. To wa ya cire shi? Wa ya wuni a tsaye yana ɓamɓare nama daga jikin jijiya har bayansa ya ƙage? Amma a bakin Baba ita ce “'yata”, ita ce mai hannun albarka. Shi kuwa mai wuƙa suke ce masa, sai ka ce mahauci. Abin yana cin sa, kishi ne tsagwaronsa, shi ma ya sani.

Ga kuma abin da ɗakin gwaji ya ce: akwai ƙwayoyin kansa a gefen yankan, daidai inda naman ya manne da babbar jijiya. A wurin babu sauran abin yanka. Abin da ya rage shi ne a koma magani, wato a mayar mata da tsohon.

Ransa ya raya masa ya bari sai jibi, ko sau ɗaya ya ji an ce aiki ya yi kyau. Ya ji kunyar kansa, ya tura ƙofar.

Ya ja kujera ya yi bayani a hankali. Matar Baba ta rufe baki da mayafi. Tsohon ya daɗe yana murza bakin zanin gado.

“Wato, kamar a ɗinki, ba ka samu rarar da za ka bari ba,” in ji shi.

“Babu, Baba. Na yanka iya inda zan iya.”

“Na yarda, ɗana. Allah ya saka maka.”

Karo na farko kenan da ya kira shi ɗana, daɗi ya ratsa likitan har ya ji idonsa ya yi zafi. Baba ya juya wajen matarsa.

“Ki kira min 'yata. Ita za ta gaya min gaskiya.”