Ranar da Masu Doro Suka Shiga Faɗa

Shekarata tara ina aiki a jirgin kawuna Nunzio. Shi ne ke tuƙi, ni kuma ina riƙe da makirfo ina yi wa 'yan yawon buɗe ido bayanin kifayen wel da muke gani a tekun Monterey. Abin da zan ba ku labari ya faru ne wata Talata a ƙarshen watan Afrilu.

Mun tashi ƙarfe tara na safe da fasinja talatin da ɗaya, teku a kwance lumui. Muka yi awa ɗaya da rabi muna zagaye, abin da muka samu bai wuce bayan wani ƙaramin wel ba, irin wanda muke kira minki. Ya leƙo sau ɗaya ya nutse, daman halinsa ke nan, ba ya son jama'a. Na yi ta cika wa mutane kunne da labarin shuɗin wel, na ce ya fi kowace dabba girma amma sai zafi ya kankama yake zuwa. Wani manomi daga Fresno mai suna Wendell ya ce zuwansa na huɗu ke nan, kuma har yanzu shanunsa sun fi burge shi. Matarsa Lorene ta zungure shi da gwiwar hannu, mutane suka yi dariya.

Ina hawa ɗakin tuƙi don in sha kofi sai rediyo ya yi ƙara. Odete ce, mai tuƙa jirgin da ake ɗaurewa kusa da namu a tasha. Shekara talatin ita da Kawu suna wasa irin na taubasai, kullum cikin tsokanar juna.

"Tsoho, kana barci ne ko kana tuƙi? Juyo bakin kwazazzabo yanzun nan."

Kawu ya ce ai bara ma haka ta kira shi, ya ƙona mai ya je ya tarar da gungumen itace yana yawo a ruwa.

"Wannan karon ba wasa nake ba, Nunzio. Oka sun tare uwa da ɗa."

Ta kira sunansa, abin da ba ta saba yi ba. Kawu ya murza sitiyari ya ba jirgi wuta, har kofina ya zube a takalmina. Na sauka da gudu na ce kowa ya kama ƙarfe. Na gaya musu cewa a wannan watan ne iyayen wel masu ruwan toka ke komawa arewa da jariransu. Suna bin gefen gaɓa inda ruwa ba zurfi, amma a nan dole su tsallake wani kwazazzabo mai zurfi da ke ƙarƙashin teku, kuma a wurin ne oka, wato mafarautan teku masu haƙora da ke kashe wel su ci, ke jiransu.

Kafin mu isa muka hango ruwa yana tafasa. Ga dogayen fukafukan bayan oka baƙaƙe ƙirin suna yanka ruwa, na ƙirga bakwai. A tsakiyarsu uwar ce, jikinta toka-toka da dabbare-dabbare, tana jujjuyawa tana ɗora ɗanta a bayanta don ya samu ya shaƙi iska. Da ɗan ya zame sai oka biyu su hau kansa su danna shi ƙasa. Uwar ta nutsa ta tallabo shi, su sake dannawa. Kawu ya tsaya nesa kamar yadda doka ta ce, ya rage inji. Jirgin Odete na can ɗaya gefen.

Na sha ganin farautar oka, kuma na san abin da ake faɗa: su ma suna da 'ya'yan da za su ciyar. Na faɗi hakan a makirfo. Lorene ta hau matakala har ƙofar ɗakin tuƙi, inda ba a yarda fasinja su je ba, ta roƙi Kawu ya shigar da jirgin tsakaninsu.

Kawu ya ce mata, "Baiwar Allah, in na shiga, farfelata ce za ta fara yanka ɗan nan kafin su. Sauka ki riƙe ƙarfe."

Ta sauko tana share hawaye. Mijinta ya riƙe mata hannu, ya daina barkwanci.

Mun kai minti ashirin a haka, ɗan yana ƙara jimawa a ƙarƙashin ruwa duk lokacin da suka danna shi. Sai muka ji wata ƙara daga bayanmu, kamar an busa ƙaton kakaki a cikin rijiya. Na waiga. Feshin numfashi biyu ne suka tashi sama, dogaye, suna nufo mu a guje.

Wendell ne ya fara tambaya ko wasu oka ne suka ƙaru. Na ɗaga madubin hangen nesa, na ga dogayen fukafukai farare masu ƙulle-ƙulle.

Na ce, "Wel masu doro ne. Jama'a, masu doro ne, kuma wurin faɗan suka nufa."

Na taɓa karanta cewa masu doro kan yi haka, amma ban taɓa gani ba, Kawu ma da ya tsufa a ruwan nan bai taɓa gani ba. Suka wuce ta gefen jirginmu kusa ƙwarai, warin numfashinsu ya bugi kowa, ba wanda ya ko toshe hanci. Suka faɗa tsakiyar oka kai tsaye. Na farkon ya ɗaga fiffikensa, wanda ya kai tsawon mota, ya maka a ruwa. Na biyun ya juya ya kai duka da jela, wani oka ya goce da kyar. Kafin mu farga wasu uku sun ɓullo daga kudu, suna wannan gurnanin.

Jirgi ya rikice. Mutane duk suka koma gefe ɗaya har ya karkata, Kawu ya leƙo ta taga yana cewa rabi su koma hagu, ba wanda ya saurare shi. Ni kuwa ina ta ihu a makirfo, an ce min har ƙirga duka nake yi kamar mai sharhin dambe. Ta rediyo ina jin Odete tana dariya tana tambayar Kawu ko wannan ma gungumen itace ne.

Masu doron suka jeru tsakanin oka da uwar. Duk ta inda oka suka ɓullo sai su tarar da jela ko fiffike. Uwar ta samu sarari, ta sa ɗan a gefenta na ɓangaren gaɓa, ta miƙe. Oka uku suka kewaya suka bi ta, masu doro biyu suka rufa musu baya. Muka bi su a hankali daga nesa, ana jira a ga ƙaramin feshi kusa da babban. Aka ga babban. Aka jira. Sai ga ƙaramin ya tashi, ɗan siriri, a karkace. Lorene ta rungume wata mata da ba ta sani ba.

Kusan awa guda aka yi ana wannan rakiya kafin launin ruwa ya canja, ciyawar teku ta fara bayyana. Oka ba sa son farauta a wurin da ba zurfi. Suka yi zagaye biyu, babbar cikinsu ta juya, sauran suka bi ta zuwa tsakiyar teku. Masu doron suka daɗe a wurin suna huci, ɗaya ya yi ta dukan ruwa shi kaɗai kamar bai huce ba, sannan suka watse.

Mun koma tasha a makare da awa biyu, fasinjan rana sun yi layi suna ƙorafi. Waɗanda suka sauka ne suka tare su da labari, kowa yana nuna wayarsa, nan take ƙorafin ya mutu. Odete ta kawo mana miyar kifi a kwano biyu, suka zauna ita da Kawu a bakin tasha suna musu. Ita ta ce masu doro shida ne, shi ya ce bakwai. Na duba hotunan jelar da na ɗauka na ce biyar ne, suka haɗu suka ce ban iya ƙirga ba.

Ranar Alhamis wani masunci ya kira Kawu ya ce ya ga uwa da ɗa can arewa da Santa Cruz, suna bin gaɓa a hankali, ɗan da sabon shatin haƙora a jela da fiffike. Na ce wa Kawu iyaye da 'ya'ya da yawa ke wucewa a wannan makon, ba za mu iya tabbatar da cewa su ne ba. Ya ce shi ya tabbatar, ya ɗauki rediyo ya kira Odete.