Ranar da Aka Bar Tafinta a Makaranta

"Ban da gishiri," in ji Maman Tafinta ƙasa-ƙasa, yatsanta na bin rubutun katin kamar mai tsince tsakuwa a shinkafa. Ta ɗauki kwanon miya mai farin murfi ta ɗora a kan tire, bel ɗin injin da ke jan tire ya tafi da shi gaba. Kafin ta numfasa wani tiren ya iso da nasa katin.

Yau ce ranar gwajinta a kicin ɗin asibitin. Tun zuwansu ƙasar nan take wankin tukwane a can ƙurya, irin aikin da ake kiranka in an matsu, a manta da kai in an samu sarari. Wanda ya ci gwajin zuba abincin marasa lafiya kuwa ya zama ma'aikacin dindindin, ga albashin wata, ga hutun rashin lafiya, ga tashi kafin yara su dawo gida. Sharaɗin ɗaya ne, sai ka iya karanta katin kowane tire da harshen ƙasar, kada ka miƙa wa mai ciwon suga abin da zai ƙarasa shi.

A bayanta shugabar kicin ce tsaye, wadda ma'aikata ke kira Agogo a ɓoye, don ko gaisuwa za ta amsa sai ta duba tsintsiyar hannunta.

Tafinta 'yarta ce ta fari, kuma ba banza sunan ya bi ta ba. Tun tana 'yar mitsitsiya ake ɗauko ta daga aji, yau banki, gobe wurin mai gidan haya, jibi gaban likita, tana juya maganar manya da bakin da bai gama famfara ba. Abin yana ci wa uwar rai, amma ya ta iya? Yau ma da safe yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa da jaka a baya, ga jarrabawar lissafi tana jiranta.

"Mama, ko in biyo ki? Sai in ce musu ba ni da lafiya."

"Bakinki ya sari ɗanyen kashi! Lafiyarki garau. Wuce ki ba ni wuri."

Ƙarfin hali kawai ta yi. Abin da ta dogara da shi shi ne ajin manya na ɗakin karatun unguwa, inda wata tsohuwar malama mai gilashi ke koya musu karatu kyauta duk Asabar, ana riƙe musu ƙanana a ɗakin gefe. Malamar ce ta ce su manna wa komai na gida sunansa. Maman Tafinta ba ta san wasa ba, firij, ƙofa, tukunya, buta, duk sai da suka sha takarda. Maigidan, direban tasi ne, ya dawo ya tsaya yana kallon ikon Allah.

"To saura ni. A manna min tawa a goshi, kada a ɓatar da ni."

Washegari kuwa ta manna masa ita a bayan rigarsa. Da ita ya yini yana ɗaukar fasinja, bai sani ba.

Tire ya zo, tire ya wuce. Ban da suga. Ban da madara. Ban da gyaɗa. Har kafaɗunta sun fara sakewa, sai ga wani kati da wata doguwar kalma da ba ta taɓa gani ba. Ta farfasa ta gaɓa-gaɓa yadda aka koya mata, ta fito a bakinta, amma ma'anar ta ƙi zuwa. Tiren yana tafiya.

Dogo, ɗan ƙasarsu mai tura keken abinci, ya raɗa mata, "Yaya, zuba na kowa kawai. Agogo ba ta kallo."

Wayarta na aljihun riga. Danna ɗaya, yarinyar za ta fito daga ɗakin jarrabawa da gudu, ta sani. Ta cire hannunta daga aljihun ta danna jan maɓallin tsayar da bel. Bel ya tsaya cak, kicin ya yi tsit, kowa ya waiwayo. Kunya ta rufe ta, amma ta juya ta faɗi jimlar da malamarsu ta sa su maimaita har suka gaji.

"Ban san wannan kalmar ba. Don Allah ki gaya min."

Agogo ta karɓi katin ta duba. Ta ce mai wannan tiren ba ya iya haɗiya, sai an markaɗa masa komai, ta nuna mata inda kwanukan suke. Ta yi ɗan rubutu a allon da ke hannunta, bel ya ci gaba. Maman Tafinta ta ce a ranta, shi ke nan, tukwanena suna jirana.

Da aka tashi, Agogo ta kira ta ofis. Ta yi magana a hankali don ta gane. "Wanda ya yi gwaji kafin ke ya fi ki sauri, sai dai canka yake yi. Ni mai tambaya nake nema." Ta turo mata takardar ɗaukar aiki. "Tafi da ita gida 'yarki ta karanta miki."

"A nan zan karanta. Amma sai kin yi haƙuri da ni."

Agogo ta duba hannunta. Ta sake dubawa. Sannan ta jawo mata kujera, ta tafi haɗo shayi kofi biyu.

A bas ɗin komawa gida daɗi ya hana ta zama sosai. Da can ba ta taɓa kuskure tasharsu ba, da ta hango kantin magani mai koriyar ƙofa sai ta miƙe. Yau kuwa gari duk ya buɗe baki yana yi mata magana. Ashe shagon da take ɗauka na aski, gyaran haƙori ake yi a ciki! Ga mai sayar da katifa, ga inda ake neman ma'aikata, ta ce a ranta wannan na ƙanin Dogo ne mai neman aiki. Tana ta karatu tana murmushi, sai wayarta ta yi ƙara.

"Mama! Na gama, ta yi sauƙi. Ya gwajin? Kina ina ne har yanzu?"

Ta leƙa taga. Babu koriyar ƙofa, babu ginin da ta sani. Ta wuce tasha tun tuni.

"Na ci, 'yar albarka. Sai dai na ɓata."

"Innalillahi! Miƙa wa wani wayar ya gaya min inda kike, ga ni nan zuwa."

Maman Tafinta ta sauka, ta gyara mayafi, ta ɗaga kai ga allon da ke bakin titi.

"Zauna ki ci abincinki," ta ce. "Tsaya in karanta miki."